Kishiya ce ta gyara MTN, ba tara ba

Tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, zancen da ake yi a majalisa da cikin motar haya da shafukan sada zumunta kusan ɗaya ne. Wai mutanen nan sun taso daga Afirka ta Kudu suna tatsar mu, gwamnati kuwa ta zuba musu ido. Ƙarin ya shafi kowane kamfani, amma MTN ne ke shan zagin, saboda shi ne babba, kuma shi ne baƙon da kowa ya sani. Maganin da ake kawowa ma bai wuce biyu ba: ko dai a kafta musu tara mai zafi irin wadda NCC ta ci MTN a 2015, ko a ce su tattara nasu ya nasu su koma inda suka fito.

Haushin mutane yana da dalili, ban musa ba. Maganin ne ban yarda da shi ba. Duk wanda ya bi tarihin kamfanin nan a Najeriya tun daga 2001 zai ga cewa sau ɗaya tak aka taɓa tanƙwara shi ta yadda talaka ya ji sauƙi a aljihunsa, kuma ba tara ce ta yi wannan aiki ba.

Matasan yanzu ba su san zamanin NITEL, kamfanin waya na gwamnati, ba. A ƙarshen mulkin soja, ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 ba ta da layin waya da ya kai rabin miliyan. Wanda yake son a ja masa waya gida sai ya cike takarda ya jira, wani lokaci shekaru, sai kuma in ya san wani a ciki. Ɗan kasuwar Kano da ke son sanin ko kayansa sun iso Legas sai ya je ofishin NITEL ya bi layi, ko ya ba direba saƙo, ko shi da kansa ya hau mota. Rasuwa ma a rediyo ake jin ta, wani lokaci bayan an yi sadakar uku.

A wannan hali gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairun 2001, Ernest Ndukwe na shugabantar NCC. Aka tsaya a kan dala miliyan 285 kowane lasisi. Abin lura shi ne waɗanda ba su zo ba. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su shiga gwanjon ba. A idonsu Najeriya ƙasa ce da ba wuta, ba tsaro, ba tabbas, ga shi ko shekara biyu ba a yi da sauka daga mulkin soja ba, mutanenta kuma talakawa ne da ba za su iya sayen waya ba. Waɗanda suka yi kasadar 'yan Afirka ne: MTN, wanda aka kafa a Afirka ta Kudu a 1994, shekarar da Mandela ya hau mulki, da Econet na Strive Masiyiwa ɗan Zimbabuwe. Kamfanin Mike Adenuga ma ya ci gwanjon, amma ya rasa lasisin a kan batun biyan kuɗi. An ware wa NITEL nasa.

MTN a lokacin ba wani ƙaton kamfani ba ne. Ya shiga Uganda da Ruwanda da Kamaru, amma duk ƙananan kasuwanni ne in aka kwatanta da Najeriya. Ya zuba kuɗin da in da abin ya ƙi, da ya tafi da shi gaba ɗaya. Ya kuma iske ba abin da zai dogara a kai. Hanyoyin sadarwar NITEL ba su isa ɗaukar nauyin ba, sai da ya gina nasa daga gari zuwa gari. Wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, kowane ƙarfen sabis sai an ajiye masa janareta da tankin dizal da maigadi. Wannan gaskiya ce da masu cewa "ba abin da suka kawo" suke tsallakewa. A watan Mayun 2001 aka yi kiran farko a layinsa, a watan Agusta aka fara sayar wa jama'a.

To amma kada a wanke su tas. Shekaru biyun farko an ji jiki. Layi kaɗai, ba waya ba, sai mutum ya ajiye wajen naira dubu ashirin, a zamanin da albashin ƙaramin ma'aikaci bai kai rabin haka ba. Minti ɗaya naira hamsin. Kuma lissafin na minti ne: ka yi sallama, sabis ya yanke bayan daƙiƙa biyar, an cire maka hamsin cur. Da jama'a suka nemi a koma lissafin daƙiƙa, kamfanonin suka ce abin ba zai yiwu ba a lokacin. Ga hutun haraji da gwamnati ta ba su, ga alkawarin ba za a shigo da sababbin masu irin lasisinsu barkatai ba har shekara biyar. Mutane sun fusata har a ranar 19 ga Satumbar 2003 aka yi gangamin kashe waya na yini guda a faɗin ƙasa.

Abin da ya sauya lamarin ya riga ya faru makonni kaɗan kafin wannan rana. Adenuga ya dawo ta wata ƙofa, ya sami lasisi a 2002, kamfaninsa Globacom, wato Glo, ya fara aiki a watan Agustan 2003, kuma tun ranar farko da lissafin daƙiƙa ya zo. Abin da aka ce ba zai yiwu ba, kafin shekarar ta ƙare MTN da Econet duk sun koma yin sa. Farashin layi ya yi ta faɗuwa har ya zama kamar kyauta. Daga baya aka shiga rububin garaɓasa, har da kiran dare kyauta da ya hana samari da 'yan mata barci. Ba a kai kowa kotu ba, ba a rufe ofishin kowa ba. Uwargida ce ta ga an yi mata amarya, sai girki ya gyaru.

Daga nan ne wayar ta zama ta kowa. Aka ga 'yan lema da teburi a bakin titi ana biya a yi kira, aka ga masu sayar da kati, masu cajin waya da ƙaramin janareta, masu gyara, kasuwanni sukutum irin Farm Centre a Kano suka tashi a kan wannan sana'a. Dillalin shanu a Maigatari ko Potiskum ya san farashin Legas kafin ya loda mota. Ɗan ci-rani ya daina jiran mai zuwa gida kafin ya aika kuɗin cefane. Yau mai POS da ke zaune a bakin kasuwar ƙauye, da bankin da bai taɓa buɗe reshe a ƙaramar hukumar ba amma yana da masu ajiya a can, duk a kan wannan sabis suke tsaye. Ba MTN kaɗai ya yi wannan ba, amma shi ya fi kowa zuba jari da shimfiɗa waya, shi ya sa ya fi kowa cin riba.

Sai batun tarar 2015, wadda har yanzu ake ba da labarinta kamar wata nasarar yaƙi. NCC, a ƙarƙashin Farfesa Umar Danbatta, ta ba kamfanoni wa'adin rufe duk layin da ba a yi wa rajista yadda ya kamata ba. MTN bai rufe nasa a kan lokaci ba, layuka kimanin miliyan 5.2. Doka ta ce naira 200,000 a kan kowane layi, aka buga lissafi ya ba da naira tiriliyan 1.04, wajen dala biliyan 5.2 a canjin lokacin. Laifin na gaske ne, kuma ba ƙarami ba. Ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, masu garkuwa da mutane na amfani da layukan da ba a san masu su ba. Da shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, Jacob Zuma, ya kawo ziyara Abuja a watan Maris na 2016, Shugaba Buhari ya faɗa a gabansa cewa jinkirin rufe layukan ya taimaka wa 'yan ta'adda. Kamfanin da ya raina umarnin hukuma a irin wannan lokaci ya cancanci hukunci, kuma ya sha: hannun jarinsa ya faɗi a Johannesburg, shugaban rukunin kamfanin, Sifiso Dabengwa, ya ajiye aiki.

Amma a duba yadda aka ƙare. Bayan watanni ana ciniki, da zuwa kotu da janyewa, a watan Yunin 2016 aka daidaita a kan naira biliyan 330, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka fara faɗa, a biya cikin shekara uku. An biya, kuɗi sun shiga asusun gwamnati. Tambayata ita ce, wane ne ya ga canji a wayarsa saboda wannan kuɗi? Kira bai ƙara kyau ba, data ba ta ƙara araha saboda tarar ba, ƙauyen da ba sabis bai samu ba. Matsalar rajistar ma ba ta mutu ba, domin a watan Disambar 2020 sai da aka sake tayar da jama'a, zamanin minista Isa Ali Pantami, a haɗa layi da lambar NIN, aka yi ta cunkoso a ofisoshi ana tsakiyar annobar korona. Masu garkuwa kuwa har gobe da waya suke cinikin kuɗin fansa.

Na 2018 ya fi ban mamaki. Babban Bankin Najeriya ya ce MTN ya fitar da dala biliyan 8.1 ba bisa ƙa'ida ba, ya dawo da su. Kwanaki kaɗan bayan haka ministan shari'a Abubakar Malami ya ce akwai bashin haraji na dala biliyan 2. Kafin shekara ta ƙare batun biliyan 8.1 ya koma biyan dala miliyan 53 ko ƙasa kaɗan, abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A farkon 2020 ofishin ministan ya janye nasa, ya miƙa wa hukumar haraji da kwastam. Ko dai zargin farko an zuzuta shi, ko kuma sulhun an yi sakaci a cikinsa. Ko wanne ne, mai kuɗin da ke Dubai ko Indiya yana kallo, darasin da zai ɗauka shi ne a Najeriya ana iya wayar gari a ce ka biya abin da ya kusa cinye kamfaninka, sannan a zauna ciniki. Wanda ya riga ya yi ƙarfi zai iya jure wannan. Sabon shiga ba zai zo ba. Ta haka tarar da ake yi wa kirari take ƙara kare MTN daga abin da ya fi tsoro.

Abu ɗaya mai amfani da ya fito daga rikicin 2015 shi ne sharaɗin shiga kasuwar hannun jari ta Najeriya. An sa kamfanin a kasuwar a watan Mayun 2019, a ƙarshen 2021 kuma aka sayar wa jama'a hannun jari miliyan 575 a kan naira 169 kowanne, mutum sama da dubu ɗari suka saya. Har yanzu uwar kamfanin ce ke riƙe da fiye da kashi 70 cikin 100, saboda haka mafi yawan riba waje take tafiya, amma aƙalla yanzu dole ya buɗe littafinsa duk wata uku kowa ya gani, kuma kuɗin fanshon ma'aikata na cin wani abu a ciki. Na so a ce mutanenmu na Arewa sun fi haka shiga. Muna cikin masu sayen kati na gaba-gaba, amma zancen hannun jari sai mu bar wa wasu. A gefe guda, Ernest Ndukwe da ya yi gwanjon 2001 shi ne ya zama shugaban hukumar daraktocin MTN Najeriya a 2019. Doka ba ta hana ba, kuma shekaru sun wuce tun barinsa NCC, sai dai irin wannan yana sa mai kallo daga nesa ya yi tsaki.

Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali yau shi ne gasar da ta cece mu a 2003 tana mutuwa. Econet ya yi ta sauya hannu da suna, Vmobile, Celtel, Zain, har Bharti na Indiya ya saye shi a 2010 ya zama Airtel, kuma shi kaɗai ne ya rage mai iya ja da MTN. Etisalat na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya shigo a 2008 da ƙarfinsa, matasa suka rungume shi, ya haura masu layi miliyan 20. Sai ya ci bashin dala biliyan 1.2 daga bankunan Najeriya, naira ta faɗi a 2016, bashin ya gagara biya, Larabawan suka zare hannu a 2017, aka koma 9mobile. Da aka tace layukan da ba a haɗa da NIN ba a 2024, alƙaluman NCC suka nuna 9mobile bai kai miliyan huɗu ba, Glo ya faɗo daga wajen miliyan 60 zuwa kimanin miliyan 19, MTN kuwa yana da kusan miliyan 78, wato rabin kasuwar. NITEL da aka yi ta neman mai saye, daga Pentascope zuwa Transcorp har aka sayar wa masu ntel, ba a ma sa shi a lissafi. A 2025 ta kai 9mobile ya ƙulla yarjejeniya masu layinsa su riƙa hawa sabis ɗin MTN. Wanda ake sa ran zai yi gasa da kai ya zama ɗan haya a gidanka.

Tun 2013 NCC ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye a kasuwar kira, ta hana shi bambanta farashin kiran layinsa da na sauran, a shekarar kuma aka ba mutane damar sauya kamfani ba tare da sun rasa lambarsu ba. Waɗannan matakai ba su yi amo kamar tarar tiriliyan ba, amma irinsu ne aikin hukuma. Sai dai damar sauya kamfani ba ta da amfani ga wanda a unguwarsu sabis ɗaya ne ke kamawa.

Game da ƙarin kuɗin 2025, zan faɗi abin da ba a son ji. Kusan duk abin da kamfanin waya ke saya da dala ne: na'urori, manhaja, har hayar ƙarafan sabis, domin MTN ya sayar wa IHS, kamfanin da ke ba da hayar ƙarafan sabis, dubban ƙarafansa tun 2014 ya koma biyan haya da aka ɗaura wani ɓangarenta a kan dala. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin watanni. MTN Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, da wajen biliyan 400 a 2024. Farashin kira kuwa kafin 2025 an fi shekara goma ba a taɓa shi ba, alhali buhun shinkafa da litar mai sun ninka sau nawa. In babban ya yi irin wannan asara, ƙananan fa? Hana ƙarin da ya fi kashe su kafin ya taɓa MTN. Inda gwamnati ta gaza shi ne sharaɗi. An ce za a ga ingancin sabis, amma ba a fito wa jama'a da ma'auni jiha-jiha ba, wanda kowa zai duba ya ce an cika ko ba a cika ba. Kamfanin ya koma cin riba a 2025. Mai saye yana da haƙƙin ya tambayi abin da ya samu a madadin kuɗinsa.

Akwai kuma inda gasa ba za ta taɓa zuwa da kanta ba. Kamfani ba ƙungiyar agaji ba ne, ba zai kafa ƙarfe a ƙauyen da kuɗin katin da za a saya bai kai kuɗin dizal ba, balle inda za a sace batir ko a ƙone wurin, kamar yadda Boko Haram ta yi wa ƙarafan sabis a Borno da Yobe da Kano a 2012. Gwamnati da kanta ta kashe sabis a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, ta sake yi a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021. An ga mutane suna tafiya gari mai nisa ko suna hawa tudu don su kira ɗan'uwa, na bakin iyaka suna laluben sabis ɗin Nijar. Ana bikin 5G a Legas da Abuja, wanda MTN ya biya dala miliyan 273.6 kafin ya sami lasisinsa, alhali akwai garuruwan da kiran murya ma sai an yi sa'a. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu musamman don kai sabis irin waɗannan wurare, ana zuba masa kuɗi daga abin da kamfanoni ke biyan NCC duk shekara. Da naira biliyan 330 ɗin nan can aka nufa da ita, aka ce ga ƙauyuka kaza, ga wa'adi, da yau muna da abin nunawa.

Maƙwabtanmu sun gwada ɗaya hanyar. A ƙarshen 2018 hukumar harajin Nijar ta rufe ofisoshin Orange a Yamai a kan bashin haraji, a 2019 kamfanin na Faransa ya sayar da harkarsa ga kamfanin Zamani ya fice. Ƙasa na da ikon karɓar harajinta, ba mai ja da wannan. Amma fitar baƙo ba ta ƙara yawan masu gasa, hannu kawai ake sauyawa, wani lokaci zuwa ga wanda bai kai na farkon ƙarfin jari ba.

Abin da nake so in ga 'yan majalisarmu da masu faɗa a ji suna matsa wa a kai ba shi da armashin gangami. A tilasta wa babba ya buɗe wa ƙanana ƙarafansa da wayoyinsa na ƙarƙashin ƙasa a farashin da hukuma ta tsayar, ba wanda ya ga dama ba. Mitar sadarwa, wato zangon iskar da sabis ke bi, da wasu suka karɓa suka ajiye ba sa amfani da ita a karɓe a ba mai yi. Tara in za a ci, ta zama daidai laifi, a san ta tun kafin a aikata, kuma ta koma ga waɗanda aka cuta ko ga ƙauyen da ba sabis. Gwamnoni ma da nasu kason laifin. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita a matsayin kuɗin haƙa rami a shimfiɗa wayar intanet, Kaduna ma ta yafe gaba ɗaya a 2020, amma jihohi da dama sun ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin, ga ƙananan hukumomi da hukumomin jiha kowa da rasit ɗinsa a gindin ƙarfe ɗaya, ga 'yan kwangilar titi da ke tsinke wayoyin ba mai ce musu uffan. MTN yana da kuɗin biyan duk wannan ya wuce. Kamfanin da zai zo ya karya masa farashi shi ne ba zai iya ba.